Tambaya da Amsa: Wa Zai Biya Kuɗin Layin da Masu Rabon Fayil Suka Cika?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da wani gidan haya na ɗalibai mai ɗaki 14 a Samaru, Zariya. Bara muka haɗa kuɗi muka jawo intanet na gida gaba ɗaya, irin wanda kamfani ya ce ba shi da iyaka, muna raba kuɗin wata daidai wa daida a kan kowane ɗaki. Da farko lafiya lau, daga baya layin ya yi nauyi har ko kiran bidiyo ba ya yiwuwa da yamma. Da muka bincika sai muka tarar wani ɗalibi yana barin kwamfutarsa a kunne dare da rana da manhajar BitTorrent. Da aka yi masa magana sai ya ce ya biya kuɗinsa kamar kowa, kuma galibi ba ya sauke komai, rabawa kawai yake yi. Shi kuma kamfanin ya rage mana gudu tun tsakiyar wata, ya ce mun wuce ƙa'ida. Mene ne wannan rabawa, kuma wa ya kamata ya ɗauki kuɗin: yaron, mu duka, ko kamfanin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan rigima ta gidanku ta girmi da yawa daga cikin ɗaliban da ke zaune a cikinsa, domin tun farkon shekarun 2000 kamfanonin sadarwa da masu amfani da intanet suke tafka ta a Amurka da Turai, har ta kai gaban alƙalai. Zan fara da abin da yaron yake kira rabawa, saboda a nan ne yake ganin ya wanke kansa, alhali a nan ne ya fi cutar da ku.

A tsarin da aka saba, fayil yana zaune ne a kan babbar kwamfuta guda da ake kira sabar, kowa ya je can ya ɗebo. Mai sabar shi ke biyan kuɗin layin da fayil ɗin ke fita ta cikinsa, kuma idan mutum dubu suka zo nema, sau dubu zai tura, ta yadda farin jinin fayil kan zame wa mai shi asara. A shekarar 1999 wani ɗalibi a birnin Boston mai suna Shawn Fanning ya fito da Napster, inda waƙoƙi ke zaune a kan kwamfutocin mutane, kamfanin kuma yana riƙe da jerin wanda ke da me kawai. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara, aka rufe shi a watan Yulin 2001, amma abin da ya shafe ku shi ne, tun kafin kotu ta yanke hukunci wasu jami'o'in Amurka sun riga sun toshe shi, saboda ɗalibai a ɗakunan kwana sun cika layin makaranta har ayyukan karatu suna tsayawa. Ka ga ashe ba a kanku aka fara ba.

A shekarar da aka rufe Napster ne Bram Cohen ya rubuta BitTorrent, kuma dabararsa ta fi ta magabatansa zurfi. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, mai nema ya karɓi wannan gunduwa daga wani a Jamus, waccan daga wani a Indiya, kuma da zarar gunduwa ta shigo hannunsa shi ma ya fara miƙa ta ga wasu tun kafin ya haɗa fayil ɗin gaba ɗaya. An gina manhajar a kan ba ni gishiri in ba ka manda: ta fi saurin ba wanda yake bayarwa, ta kuma ja wa marowaci rai. Wanda ya gama saukewa ya bar manhajar a buɗe domin wasu su ci gaba da ɗiba, shi ake kira mai iri, wanda kuma yake zuƙa ba ya mayarwa masu harkar suna kiransa da sunan matsattsaku. Yaron gidanku ya zaɓi ya zama mai iri, abin da ake yabawa a cikin wannan jama'a, sai dai da layin mutum 14 yake yin kyautar. Ya kamata kuma a yi wa fasahar adalci, domin ba ta ɓarayi kaɗai ba ce: masu Ubuntu, tsarin sarrafa kwamfuta da ake bayarwa kyauta, suna raba shi ta wannan hanya, haka ma ɗakin ajiya na Internet Archive, kuma dalilinsu ɗaya ne, wato rage kuɗin layin da za su biya su kaɗai. Kuɗin nan kuwa ba ɓacewa ya yi ba, an sauke shi ne daga kan mai fayil aka rarraba shi a kan layukan masu karɓa.

Ga dalilin da ya sa rabawar ta fi saukewa ɓarna a gida irin naku. Yawancin layukan da ake sayar wa gidaje hanyarsu ta shigowa ta fi ta fita faɗi nesa ba kusa ba, domin an tsara su ne bisa zaton cewa mutum zai fi karɓa a kan turawa. To amma duk na'urar da ke karɓar shafi ko saƙo sai ta riƙa mayar da ɗan gajeren saƙon cewa "na samu, ƙaro," kuma wannan saƙo ta ƙaramar hanyar fita yake bi. Idan kwamfutar yaron ta cika wannan hanya da gunduwoyin da take aikawa waje, sai saƙonnin kowa su shiga dogon layi a bayan kayansa, ɗaya ɓangaren ya ga shiru ya rage gudun aikowa, sai ka ga babbar hanyar shigowa tana nan wayam amma shafi ya ƙi buɗewa. Kiran bidiyo ya fi shan wahala, tunda muryarka da hotonka dole ta wannan ƙofa za su fita. Ƙari a kan haka, manhajar takan buɗe hulɗa da ɗaruruwan kwamfutoci a lokaci guda, abin da ke iya gajiyar da ƙaramar rauta ta gida, wato na'urar da ke rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gidan, har ta riƙa sandarewa sai an kashe an kunna.

Yanzu sai kamfanin. Babu kamfanin intanet da ke sayen layin da zai ishi dukan abokan cinikinsa idan suka buɗe gaba ɗaya a lokaci guda. Lissafinsa irin na mai abincin da ya rubuta "ci ka ƙoshi" a farashi ɗaya ne, wanda ya san mafi yawan mutane kwano ɗaya ko biyu za su ci su tashi. Mai karanta jarida a intanet yakan buɗe shafi ya tsaya karatu, layi ya huta. BitTorrent ba ta tsayawa karatu, ba ta barci, ba ta zuwa lacca. A 2004 wani kamfanin Ingila mai suna CacheLogic ya auna ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na zirga-zirgar intanet ta wannan manhaja ce, kuma ko da an yi jayayya a kan adadin, babu wanda ya musa cewa ta rusa lissafin masu sayar da layi.

Abin da kamfanin Comcast mai sayar da layin intanet a Amurka ya yi a kan haka shi ne labarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. A 2007 wani injiniya mai suna Robb Topolski ya lura cewa duk lokacin da ya yi ƙoƙarin raba wasu tsofaffin waƙoƙi da haƙƙin mallakarsu ya riga ya ƙare, hulɗar sai ta yanke ba gaira ba dalili. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa na'urorin kamfanin ne ke ƙirƙirar saƙon ƙarya suna aika wa kowane ɓangare da sunan ɗan'uwansa cewa a katse, tamkar dillalin da ya je wa mai saye ya ce mai kaya ya fasa, ya koma wa mai kaya ya ce mai saye ya fasa. A watan Oktoban wannan shekara kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya gwada da kansa, ya yi ƙoƙarin tura kwafin Baibul, littafin da babu mai ƙarar an sace masa, ya tarar ana katse shi. A watan Agustan 2008 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke da ƙuri'a 3 da 2 cewa Comcast ya yi laifi, sannan a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ba don ta wanke aikin ba, sai don ta ga doka ba ta ba hukumar wannan iko ba. Kafin nan kamfanin ya riga ya sauya hanya: ya sanar a fili cewa daga Oktoban 2008 iyakar kowane gida gigabait 250 ce a wata, ya kuma koma rage gudun wanda ya fi kowa ja a lokacin cunkoso ba tare da duba ko wace manhaja yake amfani da ita ba. A ganina wannan sabuwar hanya ita ce ta gaskiya, kuma ita zan ba ku shawara a kai nan gaba kaɗan.

Akwai wata amsa da kamfanonin layi suka daɗe suna so, wato a caji masu kayan da ke bi ta layin. A 2005 shugaban kamfanin sadarwa na SBC a Amurka, Ed Whitacre, ya ce Google da Yahoo da ire-irensu ba za su ci gaba da amfani da bututunsa a banza ba. Raunin wannan magana shi ne babu wanda ke amfani da shi a banza: Google yana biyan kuɗin layinsa a ɓangarensa, mai gida yana biyan nasa a ɓangarensa, kuma ba don abin da ke ɗaya ƙarshen ba da mai gida bai sayi layin ba tun farko. Daga irin wannan muhawara ce ƙa'idar rashin nuna bambanci a intanet, wato kada kamfanin layi ya fifita ko ya danne wani bayani da ke bi ta layinsa, ta yi ƙarfi, wadda malamin shari'a Tim Wu ya raɗa wa suna a 2003, kuma Amurka ta kafa ta a 2015, ta soke a 2017, ta dawo da ita a 2024, kotu ta sake rushe ta a farkon 2025. Da bidiyo ya karɓe gaba daga hannun BitTorrent sai rigimar ta koma kan manyan kamfanoni. Netflix ya amince ya biya Comcast a 2014 domin a haɗa layinsu kai tsaye, Koriya ta Kudu kuma tun 2016 ta bi tsarin da ke ɗora kuɗi a kan mai turo bayani, har dandalin yaɗa bidiyo kai tsaye na Twitch ya tattara ya bar ƙasar a Fabrairun 2024 yana cewa kuɗin layi a can ya ninka na yawancin ƙasashe sau goma. Ko da mutum yana goyon bayan wannan tsari, ba zai yi aiki a kan matsalarku ba, domin a BitTorrent babu wani kamfani a ɗaya ƙarshen da za a miƙa wa takardar biya. Ɗaiɗaikun mutane ne a ɗakunansu, kowa da layin da ya saya.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da inda kuke zaune. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Najeriya da duniya, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022, a Legas suka sauka, kuma daga can sai an ja waya ɗaruruwan kilomita kafin ta iso Zariya, ana biyan jihohi kuɗin haƙa, ana gyara wadda masu aikin titi suka tsinke, ana zuba man dizal a injinan da ke riƙe da na'urori. BitTorrent a yadda take ba ta tambayar wane ne maƙwabci, duk wanda ya fi saurin amsawa shi take bi, kuma masu neman irin fayilolin da ɗalibai ke riƙewa galibi a ƙetare suke. Ma'ana, gunduwar da ke fita daga ɗakin yaron tana bin hanya mafi tsada, daga Samaru zuwa Legas zuwa teku, domin wani da wataƙila layinsa ya fi naku arha da gudu ya samu. An kafa cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, a 2006 domin bayanan cikin gida su riƙa zagayawa a cikin gida, har tana da reshe a Kano, amma ba ta da abin yi da bayanin da mai karɓarsa ke wata nahiya.

To wa zai biya? Game da kamfanin, ka ɗauko takardar yarjejeniyarku ka nemi inda aka rubuta ƙa'idar amfani, domin yawancin abin da ake tallatawa da sunan ba iyaka yana da adadin da idan an wuce ake rage gudu. Idan an rubuta, kun amince da shi ranar da kuka biya, ko da yake ni ina ganin rubuta "ba iyaka" da manyan haruffa a talla da ɓoye iyakar a ƙananan haruffa ba ciniki ne mai tsabta ba. Idan ba a rubuta ba, ku kai ƙorafi gare su a rubuce, in ba su saurare ku ba ku kira hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, a lambarta ta masu ƙorafi, 622. Game da yaron kuwa, maganarsa ta cewa ya biya kamar kowa ita ce maganar mai hita da rishon lantarki a gidan da ake raba kuɗin wuta daidai da mai ƙwai ɗaya da fanka. Rabon daidai yana tafiya ne muddin amfanin ya yi kusa da juna, kuma da zarar mutum ɗaya ya cinye abin da ya sa aka rage wa kowa gudu, sauran ɗakuna 13 ne ke biya masa.

Duk da haka ban ba ku shawarar haramta manhajar ba. Toshe ta yana da wuya tunda tana iya lulluɓe bayananta, kuma idan kun kore ta yau, gobe wanda zai cika layin mai kallon fim ne a mafi girman hoto, ko wanda ya raba wa abokansa na maƙwabta lambar sirri. Ku auna yawa, ku bar tambayar me mutum yake yi da rabonsa. Rauta da yawa suna nuna abin da kowace na'ura ta ci kuma suna ba da damar yanka wa kowace iyakar gudu; idan taku ba ta yi, sauya ta ya fi arha a kan rigimar kowane wata. Shi kuma yaron ya shiga saitin manhajarsa ya rage gudun turawa zuwa ɗan kaɗan daga abin da layin ke iyawa, ya rage yawan kwamfutocin da take hulɗa da su, ya sa mata lokaci ta riƙa aiki bayan sha biyun dare. Wannan zai gyara nauyin yamma amma ba zai hana adadin wata cika ba, saboda haka ku raba adadin gida 14, wanda ya wuce rabonsa ya sayi ƙari daga aljihunsa. Ka kuma tuna masa cewa duk wanda ke cikin rabon fayil yana ganin adireshin intanet na gidan, kuma layin da sunanka aka yi rajistarsa. Idan abin da yake rabawa fina-finai ne da manhajojin da ba a ba da izini ba, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet.

Tambaya: Idan na tura wa ƙawata fim ta Xender, datata ake ci ko tata? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Malama, ba a cin ta kowa a kan fim ɗin. Wayoyin biyu suna haɗuwa ne kai tsaye ta Wi-Fi ɗin da ɗayarsu ta buɗe, fayil ɗin bai biya ta turken kamfanin waya ba, shi ya sa turin ke yiwuwa ko a ƙauyen da babu sabis. Abin da kan ɗan taɓa data shi ne tallace-tallacen da manhajar ke jawowa idan kin bar datar a kunne, saboda haka ki kashe ta kafin ki fara. Wannan shi ne rabon hannu da hannu da ya fi yawa a wajenmu, daga masu shagon turi a bakin kasuwa zuwa 'yan aji ɗaya a makaranta, kuma mutum ɗaya ne kawai ya biya data ranar da ya fara sauke fim ɗin. Wanda kan tashi a tutar babu shi ne wanda ya kashe kuɗi ya shirya fim ɗin, idan ba da izininsa ake turawa ba.

Tambaya: Ina haɗa kwamfutata da datar wayata domin aikin ofis, amma tana ƙarewa da wuri ko ban buɗe komai ba. Ɗana ya ce Windows ne yake raba datata ga wasu mutane. Shin gaskiya ne? Daga wata ma'aikaciya a Kaduna.

Amsa: Hajiya, ɗanki bai yi ƙarya ba, ko da yake ba lalle ne wannan ne babban dalilin ba. Tun fitowar Windows 10 a 2015 kamfanin Microsoft ya sa wani tsari mai suna Delivery Optimization, wanda ke aiki da dabara irin wadda na bayyana a amsar farko: kwamfutar da ta sauke sabuntawa tana iya miƙa gunduwoyinta ga wasu kwamfutoci, na cikin ofis ɗaya ko na can wani wuri a intanet, gwargwadon yadda aka saita ta. A ofishin da ke da kwamfuta ashirin wannan riba ce, domin ɗaya ta sauke sauran su ɗiba daga gare ta. A kan datar waya da ake saye da awo kuwa, turawa ma ci take yi kamar saukewa, kuma an soki kamfanin tun a lokacin saboda ya bar tsarin a kunne ba tare da mutane da yawa sun sani ba.

Abin da na fi zargi a wajenki shi ne sabuntawar kanta, wadda kan kai gigabait da yawa, da kuma manhajojin ajiya da ke kwashe hotuna da takardu zuwa intanet a ɓoye, domin kwamfuta galibi tana ɗaukar Wi-Fi a matsayin layin gida marar iyaka sai an gaya mata ba haka ba ne. Ki haɗa ta da wayar, ki shiga Settings, ki buɗe sashen Network, ki danna sunan Wi-Fi ɗin wayarki, ki kunna Metered connection. Wannan zai hana ta tura wa wasu, ya kuma sa ta jinkirta yawancin manyan sabuntawa. Daga nan ki nemi Delivery Optimization a ƙarƙashin Windows Update ki kashe izinin musaya da wasu kwamfutoci. A sashen Network ɗin dai akwai Data usage, inda za ki ga jerin manhajoji da abin da kowace ta ci a kwana 30 da suka wuce, wadda ta fi ci tana sama. Sabuntawar kuma kada ki bar ta gaba ɗaya, domin ita ke toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Ki riƙa yin ta ranar da kika samu layin ofis.